Bimbinin Safiya: Sheƙi Daga Ƙasa Yake Farawa

Karatu: Fitowa 34:28-35, 2 Korintiyawa 3:12-18

A birnin Shizuoka na ƙasar Jafan da kewayensa akwai kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, waɗanda suka shahara wajen ƙera 'yan ƙananan motoci da jirage na roba. Gunduwa-gunduwa ake sayar da su a cikin kwali, mai saye ne zai zauna ya harhaɗa da gam, ya yi fenti da hannunsa. Yawancin motocin ana rage girmansu sau 24, wato motar da ke cika gareji sai ta koma santimita 18 zuwa 20, ta zauna a tafin hannu. Kowace shekara a watan Mayu akan yi babban baje kolin wannan sana'a a birnin. A nan da sauran wurare irinsa, abin da ya fi saurin raba gwani da ɗan koyo shi ne fenti. Motar gwani tana sheƙi har ka ga fitilun zaure kwance a jikinta sarai, kowace da siffarta.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka sirrin yana cikin kwalbar fenti mai tsada, ko cikin 'yar bindigar feshin da ake riƙewa tamkar alƙalami. Masu sana'ar kuwa bakinsu ɗaya: feshi shi ne ɗan guntun aikin. Dogon aikin yana ƙarƙashin fenti, inda ba wanda zai gani. Wannan ne abin bimbininmu a safiyar yau, domin dukanmu muna shirin fita, kowa kuma yana so a gan shi fes.

Jikin motar yana fitowa daga mazubi ne da 'yan lahaninsa: siririn layi inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu, da ɗan loɓawa inda roba mai kauri ta shanye yayin da take hucewa. Gwani zai kankare layin, ya cike loɓawar da fila, ya goge da samfefa, ya wanke jikin da ruwan sabulu don ya cire maiƙo. Daga nan ba zai ƙara taɓa shi da hannu tsirara ba, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa fenti ya guje wa wurin, ya bar ɗan rami zagayayye da masu aikin ke kira idon kifi. Sai ya fesa fentin shimfiɗa, galibi ruwan toka. Amfaninsa biyu ne: yana ba fenti na sama abin kamawa, yana kuma tona asiri. Duk ƙarzar da ido bai gani ba a kan roba, da zarar tokar nan ta hau sai ta fito fili. A goge, a sake fesawa, a sake dubawa a gaban fitila.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin fenti mai sheƙi ba ya rufa wa kowa asiri. Fenti mara ƙyalli, irin wanda ake yi wa 'yan tankokin yaƙi, yakan haɗiye ƙananan kurakurai. Mai sheƙi kuwa ƙara musu girma yake yi, baƙi mai sheƙi ya fi kowanne rashin yafiya. Layin da aka yi kasalar kankarewa zai fito a ƙarƙashin shafi biyar, kuma a daidai wurin ne hasken fitila zai karye, ido ya sauka.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mu ma mun iya feshi. Mun iya gaisuwa mai daɗi a ƙofar majami'a, mun iya addu'a mai tsawo a gaban jama'a, mun san kalmomin da ake so a ji daga bakin mai bi. Amma gabar da ke tsakaninka da ƙaninka tun rabon gona tana nan. Kuɗin da aka ba ki amana kika taɓa yana nan. Abin da kake kallo a waya bayan kowa ya yi barci yana nan. Yawan hidima ba ya shafe su, sai ma ya sa su fi fitowa, domin gwargwadon yadda mutum ya yi suna da ibada, haka ƙaramin ha'incinsa ke zama abin tuntuɓe ga masu kallonsa. Yesu ya yi wa malaman Attaura da Farisiyawa magana mai zafi a kan wannan a Matiyu sura 23, inda ya nuna musu cewa sun kula da bayan ƙwarya sun bar cikinta da dauɗa. Hausawa na kiran irin wannan kyan ɗan maciji.

Kalmar Allah ita ce ke yi mana aikin tona asiri tun kafin duniya ta tona. Sarki Dawuda ya yi zaman lafiya da laifinsa na tsawon watanni, yana mulki, yana shari'a, har ran da annabi Natan ya zo masa da labarin 'yar tunkiyar matalauci. Ranar ba ta yi masa daɗi ba, amma daga ita aka fara gyara. In karatun safiya ya nuna maka wani abu a zuciyarka da ba ka so ka gani, kada ka yi saurin juya shafi. Jinƙai ne a nuna maka a ɗaki, kai da Ubangijinka.

Bayan shimfiɗa sai launi. Ana tsinka fenti da tina har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, domin bakin bindigar bai wuce kashi uku zuwa biyar cikin goma na milimita ba. Iskar da kwamfuresa ke turowa ma ba ta da yawa, tsakanin 15 zuwa 25 ne a ma'aunin da mai faci ke auna taya da shi. Shafin farko da na biyu hazo-hazo ake yinsu, har ana hango toka a ƙasa. Sai daga baya a yi shafi mai jiƙa sosai, wanda zai kwanta ya baje da kansa. A nan hannu ke nuna gwaninta. In ka yi nisa da bindiga, ko fentin ya yi kauri, ɗigon zai soma bushewa a iska kafin ya sauka, jiki ya yi gurji-gurji, abin da ake kira ɓawon lemo. In ka matso da yawa, ko ka tsaya wuri ɗaya kana so ka gama a shafi guda, fenti zai taru ya zubo da hawaye. In iska ta yi laima sosai, wani irin fentin yakan yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Ga kuma ƙura: ƙwaya ɗaya ta sauka a kan jiƙaƙƙen fenti, ta zauna ke nan. Shi ya sa da an gama feshi ake kifa kwali ko roba mai tsabta a kan motar.

Sai jira, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Fenti yakan bushe a sama cikin ɗan lokaci alhali cikinsa ɗanye ne. Wani irin yana bukatar kwanaki, fenti mai mai kuwa yakan ɗauki makonni kafin ya ƙeƙashe. Masu aikin suna da gwaji mai sauƙi: su kai motar hanci, in har tana warin fenti, ba ta isa taɓawa ba. Wanda ya ƙosa ya ɗauka, zanen yatsansa zai zauna a rufin motar, ya mai da shi baya da aikin mako guda.

Musa da muka karanta labarinsa bai wayi gari da fuska mai haske ba. Yana da shekara 40 ya yi yunƙurin ceton mutanensa da ƙarfin hannunsa, ya kashe Bamasare, ya gudu. Ya yi wata shekara 40 a ƙasar Madayana yana kiwon tumakin surukinsa, ba mai jin ɗuriyarsa. Wanda ya gan shi a lokacin zai ce an manta da shi. Ko a kan Dutsen Sina'i, kwana 40 ya yi, ba ci ba sha, kafin ya sauko. Wataƙila kai ma kana cikin irin wannan lokaci: ka yi addu'a shiru, ka nemi aiki shiru, waɗanda kuka fara tare sun yi gaba. Kwalin da aka kifa a kan mota ba alamar an yar da ita ba ce. Mai ita ya san ranar da zai ɗaga. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi ba da mamaki. Bayan an fesa fenti garai-garai na kariya a kan launi, ya bushe sarai, motar ta riga ta yi kyau, duk wanda ya gani zai yaba. A nan ne gwani zai ɗauko samfefa mai laushi, ya jiƙa ta da ruwa, ya hau goge wannan kyan har ya dushe. Mai kallo zai ce ya ɓata aikinsa da hannunsa. Shi kuwa yana lura ne da 'yan ɗigon da suka rage suna ƙyalli a cikin dushewar, domin su ne kwarin da samfefa ba ta kai gare su ba tukuna. Sai jikin ya dushe bai ɗaya ya san ya daidaita. Daga nan yana hawa daki-daki, daga lamba 2000 ko 3000 har zuwa ƙyallen gogewa mai lamba 12000, kowace tana share ƙarzar wadda ta gabace ta. In ya tsallake ɗaya, zanen zai fito a ƙarshe. Sannan man gogewa, mai kaushi, mai laushi, da na gamawa. Kuma yana sassauta hannu a kan kusurwa da gefe, domin a nan fenti ya fi siranta, ɗan ƙarin dannawa zai huda shi.

Akwai lokacin da Allah yakan taɓa abin da muke taƙama da shi, ba zunubin da muke ɓoyewa kaɗai ba: lafiya, suna, kasuwa, muƙami a ikkilisiya. Mu ga ƙyallinmu ya dushe, mu ce me muka yi? Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 12, ba ta ɓoye cewa horo yana da ciwo a lokacinsa ba, amma ta ce amfaninsa yana zuwa daga baya. Ba kowace wahala ce za mu iya fassarawa ba, kada kuma mu yi gaggawar fassara ta wani. Abin da muka tabbata shi ne hannun da ke riƙe da mu ya san inda muka fi siranta, ba kuwa zai danna har ya huda ba.

To, mene ne sheƙin kansa? Masana kimiyyar haske sun bayyana shi: wuri mai gurji yana warwatsa hasken da ya sauka a kansa ta kowace fuska, wuri mai santsi kuwa yana mai da shi gaba ɗaya ta fuska guda, har a ga hoton abin da ya haska shi. Duk gogewar nan ba ta ƙara wa motar haske ko ƙwaya ɗaya ba. Kashe fitila, motar gwani da ta ɗan koyo duhu ɗaya za su yi. Abin da gogewa ta yi shi ne kawar da duk abin da ke karya hasken.

Haka Musa ya sauko daga dutse da allunan Doka biyu, fuskarsa tana annuri saboda ya yi magana da Allah, har Haruna da jama'a suka ji tsoron matsowa. Nassi ya ƙara wani abu da ya kamata mu riƙe: shi Musa bai san fuskarsa tana haske ba. Hankalinsa yana kan wanda ya gana da shi. Manzo Bulus ya ɗauko wannan labari ya gaya wa Korintiyawa cewa a cikin Almasihu an yaye mana lulluɓi, kuma yayin da muke duban ɗaukakar Ubangiji, Ruhu yana sāke mu kaɗan-kaɗan zuwa kamanninsa. Aikin nasa ne, hasken ma nasa ne. Namu shi ne mu tsaya a gabansa, mu bar ɓoye wuraren da ke bukatar gyara. Mai bin da kullum yake leƙa kansa ya ga ko yana haskakawa, ya riga ya juya wa fitilar baya.

Addu'a: Ya Uba Mai Tsarki, mun gode da ka tashe mu lafiya. Ka san abin da ke ƙarƙashin murmushinmu da kyawawan kalmominmu. Ka nuna mana shi da Kalmarka, ka ba mu zuciyar tuba. Ka ba mu haƙuri a lokacin jira, da bangaskiya a lokacin da hannunka ya yi mana nauyi. Ka kawar da girman kai da riya da duk abin da ke karya haskenka a cikinmu, domin waɗanda za mu haɗu da su yau a gida da kasuwa da wurin aiki su ga nagartarka, su ɗaukaka ka. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Abin yi yau: Kafin ka fita, ka ambaci abu ɗaya a gaban Allah da sunansa, wanda ka daɗe kana rufewa da hidima ko da fara'a. In akwai wanda ka ɓata wa, ka neme shi kafin rana ta faɗi. In akwai haƙƙin wani a hannunka, ka fara mayarwa yau, ko da kaɗan ne.