Wutar Wa Ake Ƙonawa?

A shekarar 2011 Habasha ta aza harsashin babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu, wadda aka yi bikin buɗewa a watan Satumban 2025. Galibi kuɗin gida ne ya gina ta. Ma'aikata sun ba da wani kaso na albashinsu, 'yan kasuwa da mazauna ƙasashen waje sun sayi takardun lamuni, bisa alƙawarin cewa wata rana kowane gida zai ga haske. An gina ta ne don ta ba da megawat sama da 5,000, wato kwatankwacin abin da layin wutar Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a rana mai kyau. Amma har yanzu kusan rabin Habashawa ba su da lantarki, alhali cikin manyan masu sayen wutar ƙasar akwai rumbunan kwamfutoci, da yawansu na kamfanonin Sin, da ke haƙar Bitcoin dare da rana. Gwamnatin da ta ba su izini kuwa ba ta yarda ɗan ƙasa ya yi saye da sayarwa da wannan kuɗi ba.

Kalmar haƙa tana ruɗarmu. Wannan ba irin mainin ɗin da matasanmu suka yi ta dangwalawa a waya a 2024 ba ne, wanda cajin batir kawai ya ci. Haƙar Bitcoin gasar canke ce. Miliyoyin na'urori suna ta jefa lambobi, kusan duk minti goma ɗaya ta dace, mai ita ya rubuta sabon shafi a littafin ciniki, ya karɓi ladan Bitcoin 3.125. Duk sauran aikin da aka yi ya bi ruwa. Idan na'urori suka ƙaru, tsarin da kansa yana ƙara wa canken wuya kusan duk mako biyu. Saboda haka ƙona wutar da gangan ne, ita ce katangar: wanda ke son ya murɗe littafin sai ya ƙona fiye da abin da sauran duka suke ƙonawa. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun ƙiyasta cewa wannan katanga tana cin wutar da ta ninka abin da Najeriya ke samarwa a shekara fiye da sau biyu.

Masu kare ta suna da hujja, kuma mu da muka ga abin da ya sami naira tun watan Yunin 2023 ba za mu yi mata dariya ba. Sun ce kuɗin da babu gwamnan babban banki da zai iya buga ƙari, babu kuma hukumar da za ta iya rufe asusunsa, ya cancanci tsadarsa. Gaskiya ne a lokacin EndSARS a 2020, da aka toshe wa wasu masu tara gudummawa hanyar banki, Bitcoin suka koma. Sai dai ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin kaya a Sin, ko mai ɓoye jarinsa daga faɗuwar naira, galibi USDT yake riƙewa, kuma hanyoyin da ya fi bi ba sa buƙatar wannan haƙa. Ethereum ma ta bar tsarin a watan Satumban 2022, cin wutarta ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari, kuma ba ta rushe ba. Idan da sunan talaka ake kare wutar, to talakan ya riga ya bi wata hanya mai arha.

Hujjar da ta fi ba mu wahala ita ce ta rarar wuta. Lantarki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Idan babu waya zuwa ƙauye, ruwan madatsa wucewa zai yi a banza. A gandun dajin Virunga na Kwango, tun 2020 ake haƙa da rarar wutar ruwa, kuɗin yana shiga hidimar gandun. A nan ba mu ga wanda aka zalunta ba. Hukumar wutar Habasha ma abin da take faɗa ke nan: dalar da mahaƙa ke biya ita za ta sayo waya da taransifoma.

Amma rarar yau ba ta nufin babu mai bukata, tana nufin ba a kai wa mai bukatar ba tukuna. Kuma mai biya da dala, wanda ya kafa rumbunsa a gindin tashar rarraba wuta, ya fi sauƙin hulɗa a kan ƙauye mai nisan kilomita ɗari da zai biya da kuɗin gida. Wace hukuma ce za ta yi gaggawar korar irin wannan baƙo? Kazakistan ta karɓi mahaƙan da Sin ta kora a 2021 da hannu bibbiyu, kafin shekara ta ƙare aka shiga ƙarancin wuta, sai da ta yanke musu layi a farkon 2022.

Shi ya sa a ganinmu lissafin yawan wutar bai isa hukunci ba. Abin da muke so mu gani a Habasha shi ne gida nawa aka ja wa waya da dalar mahaƙa, da kuma ko yarjejeniyar ta rubuta wanda za a fara kashe wa wuta a shekarar da damina ta gaza, ruwan madatsa ya ja baya.