Buri da Lamiri: Wanne Ne Zai Ja Gaba?

Babu gidan da ba shi da buri. Uba yana so ya kammala ginin da ya fara, uwa tana so jarinta ya ƙaru, ɗa yana so ya ci jarrabawa ya shiga jami'a. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, gama mutum marar buri kamar matafiyi ne da bai san garin da ya nufa ba. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba sai lokaci ya ƙure: ranar da buri ya ce gabas, lamiri ya ce yamma, wanne za a bi? Rayuwar Eric Liddell, ɗan tseren ƙasar Sikotlan, tana da amsar da ta cancanci iyalai su zauna su yi nazarinta.

An haifi Liddell a 1902 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa suke aikin mishan. Ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Edinbara, a can ne kuma saurin ƙafarsa ya bayyana. A 1923 ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 9.7, abin da ya sa Birtaniya ta sa rai zai kawo mata zinariya a tseren mita 100 na wasannin Olamfik da za a yi a Paris a 1924. Da jadawali ya fito, sai aka ga zagayen farko na wannan tsere ya faɗo ranar Lahadi. Liddell kuwa ya riga ya keɓe ranar domin Ubangiji. Ya ce ba zai yi gudun ba, ko da yake waɗansu sun zarge shi da rashin kishin ƙasa.

Abu na fari da ya kamata a lura da shi shi ne lokacin da ya yanke shawarar. Fim ɗin Chariots of Fire na 1981 ya nuna kamar yana shirin shiga jirgin ruwa ne ya ji labarin. Gaskiyar ita ce, ya sani tun watanni kafin wasannin. Bai jira ya tsaya a bakin fili, ana kiran sunansa, kafin ya tambayi zuciyarsa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai san abin da ba zai sayar ba tun kafin ya shiga kasuwa, farashi ne zai yanke masa shawara. Ma'aikacin da ya ce lalle sai ya gina gida cikin shekara biyu, bai kuwa tsai da iyakar hanyar samun kuɗin ba, ya riga ya buɗe wa cin hanci ƙofa ba tare da ya sani ba.

Abu na biyu shi ne, Liddell bai yar da burinsa ba, ya sāke masa hanya ne kawai. Ya yi amfani da watannin nan yana horar da kansa a tseren mita 400, wanda ba a nan aka fi saninsa ba. A Paris ya sami lambar tagulla a mita 200, ranar 11 ga Yuli 1924 kuma ya ci zinariya a mita 400 cikin daƙiƙa 47.6. Riƙon amana ba hujjar lalaci ba ce. Ɗalibin da ya ƙi satar amsa ya ɗora wa kansa nauyin yin karatu fiye da mai satar. Lamiri yakan rufe wata ƙofa, aikin mai hankali ne ya nemi wadda take buɗe, ya yi guminta.

A nan ne masu ba da labarin suka saba tsayawa, a nan ne kuma haɗarin yake. In aka tsaya a kan zinariya, yara za su ɗauka cewa duk wanda ya bi lamirinsa zai sami lada nan take. Sauran rayuwar Liddell ba ta goyi bayan wannan zato ba. A 1925 ya bar suna da tafi ya koma ƙasar Sin yana koyarwa. A 1941, da yaƙi ya tsananta, ya aika da matarsa mai juna biyu da 'ya'yansu mata biyu zuwa Kanada, shi kuwa ya tsaya a bakin aikinsa. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien. Ya rasu a can ranar 21 ga Fabrairu 1945, yana da shekara 43, sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa, bai taɓa ganin autarsa ba. Mai tunani yana iya tambaya ko daidai ne magidanci ya rabu da iyalinsa haka. Tambayar tana da nauyi, domin wani lokaci ba nagarta da mugunta ne suke karo ba, hakkoki biyu ne masu kyau. Abin da ba a musu a kai shi ne, bai zaɓi hanyarsa domin riba ba.

Darasi mafi zurfi ya fito ne daga sansanin. Waɗanda aka tsare tare da shi sun ba da labari cewa shi ne yake shirya wa matasa wasanni, amma da fari ya ƙi yin alƙalanci ranar Lahadi. Da wani wasa da suka yi ba mai lura da su ya ƙare da faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci a Lahadin da ta biyo. Mutumin da ya ƙi gudu domin ɗaukakar kansa ya karɓi aiki a wannan rana domin salamar 'ya'yan wasu. Bai canja ba. Ya san dalilin da ya sa yake girmama ranar, shi ya sa ya gane lokacin da ƙauna ta bukaci ya saki ka'idar da ya kafa wa kansa. Wanda ya riƙe ka'ida ya manta da dalilinta yakan zama mai taurin kai, wanda kuma ba shi da ka'ida ko kaɗan, kowace iska ta tafi da shi.

Ba dukan masu bi ne suke da ra'ayi ɗaya da Liddell game da wasa ranar Lahadi ba, ba kuwa wannan ne zancen ba. Zancen shi ne jerin abubuwa: a fara sanin abin da aka ɗauka da daraja, sa'an nan a ɗora buri a kansa. Kafin iyali su rubuta shirinsu na shekara, zai yi kyau miji da mata da 'ya'ya su amsa tambayoyi uku cikin addu'a. Mene ne ba za a yi ba ko da shi kaɗai ne hanyar cimma wannan buri? Wane ne zai biya kuɗinsa da lokacinsa ko hawayensa? In kuma burin bai cika ba, hanyar da aka bi za ta bar kunya ko kwanciyar rai? Burin da ya tsallake waɗannan tambayoyi ya isa a bi shi da dukan ƙarfi. Wanda ya kāsa kuwa, gara a gyara shi tun yana kan takarda.