Araha da Aminci

In mutum zai sayi abin da shi kaɗai zai mora, shi kaɗai kuma zai cutu in ya lalace, ba ruwan kowa da cinikinsa. In ya so ya sayi mai tsada, in ya so mai araha. Amma in abin na jama'a ne, kuma ɓacinsa zai faɗa kan mutanen da ba su wurin cinikin, to, wa ke da ikon neman ragi?

Mutanen Goronyo da Wurno ba su bukatar a fassara musu wannan tambaya. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima cikin 1984, tana iya riƙe ruwa wajen mita miliyan 942 na awon cikin tulu, watau tsawo da faɗi da zurfi. Amfaninta kuwa ba ya ɓoyuwa: shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadama, da ruwan shan birnin Sakkwato. Amma cikin 2010 damina ta yi ƙarfi, madatsar ta cika maƙil. A farkon Satumba aka buɗe ƙofofinta, bayan mako guda kuma mafitar da aka yi don rarar ruwa ta karye. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka lura, ya kai mai karatu: mafitar nan shekara da shekaru tana zaune ba ta aikin kome, mai lissafi zai ce kuɗi ne kwance. Ranar da aka neme ta, sai ga shi rayukan mutane a kanta suka rataya.

Haka tukunyar nukiliya take, sai dai abin da ta tsare zafi ne. Ana zuba mata wani ma'adini, yuraniyom, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar. Shi ke ba da zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, a sami lantarki. Wahalarta ɗaya: ko an kashe ta ba ta hucewa nan da nan, kamar garwashi cikin toka. Tilas a yi ta zagaya mata ruwa kwana da kwanaki, in ba haka ba cikinta ya narke, guba ta fita. A ƙasarmu akwai wata 'yar ƙarama a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, ta bincike ce, ƙarfinta kilowat 30 kacal. Cikin 2017 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a kan manya, an kuma ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, amma ba a gina ba tukuna. Ashe maganar ba ta nesa ba ce.

Ga abin da ya faru a Japan cikin Maris 2011. Girgizar ƙasa ta tayar da igiyar teku. A tashar Fukushima an yi shirin igiyar da ba ta kai mita 6 ba, sai wadda ta zo ta ninka haka har da ɗoriya. Ruwa ya shanye injunan da ke ba famfuna wuta, famfuna suka tsaya, tukwane uku suka narke, aka kwashe mutane fiye da 100,000 daga gidajensu. Tashar Onagawa kuwa ta fi ta kusa da cibiyar girgizar, amma an gina ta a kan tudu mai kusan mita 15, gama wani injiniya, Yanosuke Hirai, ya dage sai an ɗaga ta, yana tuna igiyoyin da aka yi a zamanin kakanni. Ta tsira, har mutanen gari suka gudu cikinta neman mafaka. Shekara wajen 40 ba wanda ya ga ribar tsayin nan. Halin kuɗin aminci ke nan: ana ganin fitarsu, ba a ganin aikinsu, domin aikinsu shi ne kada kome ya faru.

Masu ƙera sababbin tukwane sun ɗauki darasi mai kyau tun kafin wannan. Suka ce, maimakon a dogara ga famfo da mai gadi, bari a dogara ga abin da ba ya barci. Ruwa ba ya bukatar a tashe shi kafin ya gangara. Saboda haka a wata iri da ake kira AP1000 an ɗora babban tankin ruwa a kan rufin ginin. In wuta ta yanke, ruwan zai sauko da nauyin kansa ya yi ta sanyaya ginin kwana uku ba da hannun kowa ba. Sun kuma ce tun da an rage famfuna da bututu, za ta fi araha.

A nan ne alkawari ya gaza. Guda biyu da aka gina a Vogtle ta Amurka an yi musu kintacen dala biliyan 14, suka ci fiye da biliyan 30, aka gama su a 2023 da 2024, shekara bakwai bayan lokacin da aka sa. Wani kamfani kuma, NuScale, mai shirin ƙananan tukwane da za a ƙera a masana'anta a kai wurin aiki a haɗa, ya janye aikinsa na farko a Nuwamba 2023, da garuruwan da za su sayi wutar suka ga farashi na ta hawa.

To, kada mu yi saurin cewa tsada ba kome ba ce. Tsada ma cuta ce. Asibitin da ba shi da wuta ana mutuwa a cikinsa, kuma kuɗin da aka zuba wuri guda an hana su wani wuri. Wanda ya ce a kashe ko nawa ne don aminci, sau da yawa ba daga aljihunsa za su fito ba. In tukunya mai aminci ta fi ƙarfinmu, ba laifi mu dubi hasken rana, wanda Allah ya hore wa ƙasar Sakkwato, mu jira har ta sauko.

Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne a sayi tukunyar a rage mata mafita. A nemi ragi wajen ruwan bashi, da jinkirin aiki, da hannayen da kwangila ke bi kafin ta kai ga magini. Nan ne kuɗi suka fi zurarewa. Amma kaurin bango, da tsayin tudu, da albashin mai duba aiki wanda ba ya tsoron kamfani, waɗannan rabon na ƙasa da madatsa ne. Kafin a taɓa su sai a kira manomin Geregu da masuncin Itu a zauna da su, a gaya musu da harshensu iyakar igiyar da aka yi wa shiri, da inda za su nufa in wadda ta fi ta ta zo.