Sabon Ciwo A Jikin Wadda Ta Tashi Daga Sankarar Nono: Hukuncin Shiru Da Neman Magani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata jarrabawa da ke samun matar da Allah Ya tashi kafaɗunta daga ciwon sankarar nono. An yi mata aiki, an yi mata gashi, 'yan barka sun watse, amma duk ranar da ta ji ƙugu ya riƙe, ko gwiwa ta yi tsami, sai gabanta ya faɗi, ta ce ko ciwon ne ya dawo. Wata takan yi shiru da sunan haƙuri, wata kuwa waswasi ya hana ta barci. Duka biyu sun kauce wa koyarwar Musulunci.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa sahabi Usman ɗan Abil Asi ya kai wa Manzon Allah kukan wani ciwo da yake ji a jikinsa. Annabi bai tsawata masa ba, sai ya umurce shi ya ɗora hannu a wurin, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsarinsa sau bakwai daga sharrin abin da yake ji da abin da yake tsoro. A lura, addu'ar ta haɗa ciwo da fargabar ciwo, watau Shari'a ta san tsoro ɗabi'ar ɗan Adam ce. Har ila yau Buhari ya ruwaito cewa Annabi da kansa ya faɗa wa Nana A'isha kansa yana ciwo. Daga nan malamai suka fahimci cewa faɗin ciwo ba ya warware haƙuri. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Ubangiji.

Likitoci kuwa sun bayyana cewa irin waɗannan raɗe-raɗi sau da yawa ba dawowar sankara ba ne. Ƙwayoyin da ake ba mace ta sha shekara 5 zuwa 10 bayan magani, irin su letrozole da anastrozole, sukan jawo tsamin gaɓoɓi, musamman da asuba. Wurin da aka yanka yakan daɗe yana suka, hannun gefen da aka cire kaluluwar hammata yakan kumbura, ga kuma sanyin ƙashi da ke zuwa da shekaru. Amma sankarar nono idan ta dawo takan sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Saboda haka ciwon ƙashi ko na baya da ya tsaya wuri guda ya kai mako 2 ba sauƙi, ko yake tsananta da dare, da tarin da ya ƙi tafiya, da haki, da sabon ƙulli, da rama ba dalili, da ciwon kai mai naci, duka suna bukatar likita ba da jinkiri ba. Kada kuma ta daina shan ƙwayoyinta don raɗin kanta.

Wanda ya ce zuwa asibiti raunin imani ne, to, ya tuna da Sayyidina Umar lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna cewa gudun ƙaddara zuwa ga ƙaddara ake yi. Jiki amana ne, kuma ɓoye ciwo har ya ci ƙarfin magani sakaci ne da amana. Idan an duba ba a ga kome ba, ta sami natsuwa ta yi godiya. Idan an ga wani abu, an tare shi da wuri.

Nauyi kuma yana kan miji da 'ya'ya. Kada su ce mata raki ne, kada su firgita ta da labarin wance da ta rasu. Su saurare ta, su kai ta asibiti, su biya abin da ya sawwaƙa, domin wannan yana cikin kyakkyawan zama da Allah Ya yi umurni da shi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara. Amin.