Wa Za Ka Saurara a Ranar da Ka Fi Jin Ƙarfi?



Mun saba gane ciwo ta wurin zafinsa. In zazzaɓi ya kwantar da kai, ba sai an roƙe ka ka nemi magani ba. Amma akwai ciwon da yakan fara da daɗi. Kwana uku ke nan barcinka bai wuce awa biyu ba, ba ka kuwa gaji ba. Magana tana zubo maka kamar ruwan Agusta. Za ka buɗe shago, ka gina majami'a, ka rabar da hatsin rumbu, duk a mako guda, kuma wanda ya ce ka dakata sai ka ga maƙiyinka ne. Bayan makonni sai abin ya juye. Tashi daga tabarma ya zama aiki, abinci ba ɗanɗano, addu'a ta yi nauyi a baki. Likitoci suna kiran wannan ciwo baifola, wato mai gefe biyu, hawa da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne suke fama da shi. Yakan soma a shekarun samartaka, yakan bi jini kuma. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba horon zunubi ba.

In kana ɗauke da shi, ga tambayar da nake so mu duba tare: daidai ne mutum ya yi shakkar murnar zuciyarsa? Tambayar tana da nauyi a cikin ikilisiya, domin lokacin hawa yakan yi kama da himma. Wanda ya kwana yana addu'a, ya ba da albashinsa duka, yabonsa muke yi. Daga nan sai zuciya ta ce, na warke. Wani ma ya ƙara maka da cewa shan ƙwaya kullum rashin bangaskiya ne.

Ni dai na ce i, daidai ne, ko da yake da wuya. Sikelin da ya lalace ba ya faɗa maka ya lalace, awo yake ci gaba da yi. Hankalin da yake ce maka ka warke, shi ne ciwon ya taɓa. Saboda haka manyan shawarwari sai a yanke su a kwanakin natsuwa. Ka zauna da mutum ɗaya da ka amince da shi, matarka, ko wanka, ko wani dattijon ikilisiya, ku rubuta alamun da sukan fara zuwa maka: raguwar barci, kashe kuɗi, saurin fushi, yawan kiran mutane da tsakar dare. Ku rubuta kuma abin da za a yi in sun bayyana: wa zai riƙe kuɗi da makullin babur, wa zai raka ka asibiti. Ka yi alkawari ba za ka sayar da gona ko ka bar aiki ba sai ka yi shawara da shi.

Za ka ce, ashe na ba da 'yancina ke nan? Dubi manomi. Bayan girbi yakan ware iri ya ba wani ajiya, don ya san lokacin yunwa hannunsa zai kai kansa. Ba wanda ya tilasta masa. Shi ne da hankalinsa ya tsare kansa daga ranar da yunwa za ta yi masa shawara.

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 18 da 19. Ban ce annabi Iliya yana da wannan ciwo ba, amma ka lura da yadda Ubangiji ya bi da shi. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya yi gudu a gaban karusar Ahab har Yezreyel. Ba a daɗe ba ga shi a jeji, ya bar baransa a Biyer-sheba, yana zaune shi kaɗai a gindin itace yana roƙon mutuwa. Ba a fara da yi masa wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sāke ba shi abinci. Magana sai daga baya.

Ga mai baifola, barci rabin magani ne. Rashin barci na 'yan kwanaki yana iya tā da hawa. Ka kwanta ka tashi a lokaci ɗaya kowace rana, ka riƙa rubuta awannin barcinka a ɗan littafi. In an shirya kwanan addu'a, ka je farkonsa ka koma gida. Allah da yake ji da ƙarfe biyu na dare yana ji da ƙarfe takwas. Fastoci da dattawa, don Allah kada ku sa irin wannan ɗan'uwa ya ji kunyar tashi.

Game da magani kuwa, annabi Ishaya ne ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, shi ne kuma ya ce a ɗaura masa ɓaure a kan marurun. Tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna cewa gishirin litiyom yana kwantar da hawa, har yau kuma ana amfani da shi. Sai dai yana bukatar kula. Ana gwada jini lokaci lokaci, a duba ƙoda da maƙoƙo. In ruwan jiki ya ragu, maganin yakan taru ya zama guba. Ka tuna da zafin Afrilu a Maraɗi ko Garwa. Kada ka shiga azumin da ba shan ruwa sai ka tambayi likita, kada kuma ka haɗa shi da diklofenak ko ibufurofen da kanka. Amai, zawo, rawar hannu mai tsanani da tangaɗi alamu ne na a tafi asibiti nan da nan. Ke 'yar'uwa da aka ba Depakine, ki yi magana da likita kafin ki ɗauki ciki, domin yana iya cutar da ɗan tayi.

Na san maganin yana da nasa nauyi. Yakan sa ƙiba, ko kasala, kuɗinsa ma ba wasa ba. Ka kai wa likita kukanka, ana iya rage shi ko a sāke wani. Amma dainawa farat ɗaya yakan dawo da ciwon da ƙarfi. Giya, taramol da wiwi kuma ƙara wa wutar mai suke yi.

A lokacin sauka, sikelin nan yakan karkata ɗaya gefen. Zai ce maka kai kaya ne ga iyalinka, Allah ya rabu da kai. Wannan ma muryar ciwon ce, kamar wadda ta ce ka gina majami'a a mako guda. Ka ci abinci ko ba ka so, ka fita ka sha hantsi, ka zauna cikin mutane ko ba za ka yi magana ba. In tunanin kashe kanka ya zo, kada ka jira gari ya waye. Ka faɗa wa mutumin nan da kuka yi rubutu tare, ka ba shi ajiyar maganin ƙwari da sauran ƙwayoyin da suke ɗakinka, ya kwana tare da kai, ku tafi asibiti.