Haƙƙin Ɗan Falgore a Kan Kwamfuta

Dattawanmu na Falgore ba su taɓa raina ilimi ba. Yawancinsu sun wanke allo, wasu har gabas suka je neman karatu. Amma da an ambaci kawo kwamfuta da intanet makaranta sai fuska ta sauya, su ce za a buɗe wa yara ƙofar da babu mai riƙe da makullinta. Tsoronsu yana da tushe. A 2007 an raba wa 'yan firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, ba a jima ba jaridu suka ruwaito cewa wasu yaran na kallon hotunan batsa da su.

Duk da haka, ni da nake koyarwa a nan ƙasar Rogo ina ganin wani abu da ke hana ni barci. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗalibina zai kwana yana haddar darasi da hasken tocila, ya biya kuɗin mota zuwa birni, ya zauna gaban na'urar da bai taɓa sa wa hannu ba. Yana laluben inda zai danna, lokaci na ƙarewa, ɗan unguwar Nasarawa da ke gefensa ya yi nisa. Ya san amsar, amma ya faɗi. Wannan magana ce ta adalci, kuma adalci addini ne.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida: duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Samar da likita da ungozoma farillar kifaya ce a kan al'umma. Idan 'yar Falgore ba za ta zama ungozoma ba sai ta bi ta wannan jarrabawa, to koya mata kwamfuta ya hau kanmu. Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato ba, ta tura musu malamai mata da ake kira jaji har gida.

Game da ɓarna kuwa, intanet ta riga ta shigo gari. Tana cikin aljihun samari, a shagon cajin waya da majalisar dare, inda babu mai tsawatarwa. Aji ne kaɗai wurin da yaro zai fara saninta malami na tsaye a kansa, yana koya masa tantance labari kafin ya yaɗa, kamar yadda Alƙur'ani ya umurta a Suratul Hujurati.

Don haka ban yarda a jibge mana akwatuna a kulle a ofis ba. A haɗo da sola, a horar da malami, a toshe shafukan banza, a ba 'yan mata lokacinsu daidai da maza. Iyaye su zo su ga abin da ake koyarwa. Yaran nan amana ne, kuma za a tambaye mu kan ilimin da muka hana su kamar yadda za a tambaye mu kan tarbiyyarsu.