Shin Adalci Ne A Koya Wa Yaro Laifin Ubansa?

Tambayar nan da na ɗora a kan wannan maƙala ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tun ina ɗan aji huɗu a makarantar sakandare a Dutse. Dalilin da ya sa na kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu shi ne, da yawa daga cikinmu allo da alli ne ke jiranmu bayan mun bar jami'a, kuma abin da ya same ni yana iya samun yaran da za a danƙa mana. Bari in fara da labarin, sa'an nan mu auna shi tare.

Wata rana malaminmu na labarin ƙasa ya shigo mana da darasin gurgusowar hamada. Ya zana taswirar Nijeriya a allo, ya ja kibau daga arewa suna gangarowa kudu. Ya bayyana mana yadda saiwar itace ke riƙe ƙasa, da yadda rassansa ke karya ƙarfin iska, da yadda ganyen da ya zuba ke ruɓewa ya zama taki, da kuma yadda gona ke komawa fako in an raba ta da waɗannan. Duk wannan gaskiya ne. Daga ƙarshe sai ya rufe da cewa duk mai saran itace maƙiyin ƙasarsa ne. Yara suka rubuta, ni ma na rubuta, amma hannuna yana rawa, domin kuwa sana'ar mahaifina ke nan da rani: ya saro itace, ya faskara, ya ɗora a amalanke ya kawo cikin Dutse. Da kuɗin itacen nan aka saya mini littafin da nake rubutun a ciki.

Da na koma ƙauyenmu sai na kasa haƙuri, na ce masa, "Baba, an koya mana cewa saran itace shi ke jawo hamada." Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malaminku ya faɗi gaskiya. Amma in ka koma ka tambaye shi, da me ake dafa masa tuwo?" Kashegari ya ja ni gona, ya nuna mini gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka waɗanda ya gada daga kakana, ya ce, "Ka taɓa ganin na sa wa ɗayansu gatari?" Ya ce gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su zuba taki. Daga baya na karanta cewa saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa wani sinadari da take samu daga iska. Har wa yau bai ɓoye mini ba cewa daji yana ƙarewa. Ya ce da can kafin hantsi ya cika amalanke, yanzu kuwa sai azahar. Watau ɓarnar da malam ya zana a allo, shi da ƙafarsa yake auna ta kowace shekara.

To, mai karatu, wa ya yi kuskure a nan? Wani zai ce kamata ya yi malam ya tsallake darasin, tun da ya san rabin ajinsa 'ya'yan manoma ne da masu itace. Ban yarda da wannan ba. Yaron da aka ɓoye wa dalilin mutuwar gonarsu don kada ransa ya ɓaci, an cuce shi sau biyu: gona za ta mutu, shi kuma bai san me ya kashe ta ba. Jinya ba ta yiwuwa sai an faɗi sunan ciwo.

Wani kuma zai ce ai gaskiya ɗaci gare ta, malam ya faɗe ta, ko a kan wa ta faɗa. Na yarda gaskiya ba ta da uba. Sai dai abin da aka ba mu ran nan rabin gaskiya ne, rabin gaskiya kuwa ya fi ƙarya wuyar ganewa. Ba a gaya mana wanda ke ƙona itacen ba. Mai gatari ɗaya ne, amma bayansa akwai gidan burodi, da mai tsire, da mai shayi, da dubban murahu na cikin gari. An kama hannun da ya sara, an ƙyale bakin da ya ci. Bugu da ƙari, ba a gaya mana cewa babban farin da ya addabi ƙasashen bakin hamada a shekarun 1970 da 1980, wanda dattawanmu ke tunawa da shi a 1973 da 1984, ba gatarin talaka ne tushensa ba. Wani bincike da Alessandra Giannini da abokan aikinta suka buga a mujallar Science a 2003 ya nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna shi ne babban abin da ya janye mana damina a waɗancan shekaru. Ba ina wanke gatari ba ne, domin yana kashe gona da daji. Abin da nake cewa shi ne, idan za a raba laifi a raba shi da ma'auni, kada a jibga shi duka a kan wanda ba shi da bakin kare kansa a cikin aji.

A nawa ra'ayin, ilmin ƙasa da muhalli ya bambanta da sauran darussa ta wajen abu guda: yana ɗora wa mai shi nauyi. Wanda ya koyi lissafi ya koma gida, ba abin da ya canja tsakaninsa da iyayensa. Wanda ya koyi dalilin zaizayar ƙasa kuwa, daga ranar ba zai sake kallon gatari da idon da ba. Saboda haka malamin da ya ɗora wa yaro wannan kaya, wajibi ne ya ba shi gammo. Ilmin da ke nuna laifi bai nuna mafita ba, ƙarshensa ɗaya ne cikin biyu: ko yaro ya raina iyayensa, ko ya raina karatun, ya haddace shi don jarrabawa kurum ya watsar.

Mafitar kuwa ba nesa take ba. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wajen 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan dashen da ya yi ta yi ya ƙi kamawa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sharewa lokacin sassabe toho ne na kututturen itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa zaɓen 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran. Suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ga itacen girki daga abin da aka datse, ga inuwa, ga taki, ba tare da an ce wa kowa maƙiyi ba. Sabara da kalgo da muke sharewa a gonakin Kiyawa da Jahun irin wannan toho suke yi. Da wannan aka haɗa mana da darasin ran nan, da shawara na kai wa mahaifina a madadin tuhuma.

Wannan ya kawo ni ga tushen matsalar, watau koyar da ilmin ƙasa kamar ba a kan ƙasa ake zaune ba. Mun haddace rabe-raben duwatsu daga hoton littafi, alhali ta taga muna hango duwatsun da garin Dutse ya samo sunansa daga gare su, waɗanda masana suka ce narkakken dutse ne da ya daskare shekara sama da miliyan 200 da suka wuce. Ba a taɓa fita da mu mun dafa su ba. Jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ita kanta sunan irin ƙasa aka sa mata, domin jigawa tudu ne mai rairayi. Yaro ya zo makaranta ya san jigawa, ya san fadama, ya san fako da laka da marmara, ya san abin da kowace ke so a shuka mata. Maimakon a ɗora gini a kan wannan harsashi, sai a share shi, a fara masa da baƙin kalmomi. Yaya ba zai ɗauka cewa ubansa jahili ne ba?

A nan ne mu ɗaliban Hausa muke da abin yi. Kalmomin ƙasa da itatuwa da iskoki da ke bakin tsofaffinmu ilmi ne da aka tara da gumi, kuma kowane dattijo ya kwanta dama yana tafiya da nasa rabon. Ya kamata mu tattara su, mu haɗa kai da 'yan'uwanmu na sashen labarin ƙasa, domin malamin gobe ya sami abin da zai haɗa allo da gona.

Amsata ga tambayar da na fara da ita ke nan: halal ne a koya wa yaro ɓarnar da hannun ubansa ke yi, muddin za a koya masa abin da ya tilasta hannun, da waɗanda suka ci moriyarsa, da abin da uban ya sani wanda littafi bai sani ba, da hanyar gyara. In an tauye ɗaya daga cikin waɗannan, an zalunci uba, an kuma zalunci ɗa. Mahaifina har yanzu yana kai itace Dutse. Bana dai mun bar toho a kututture bakwai a gonarmu, shi ne kuma ya zaɓi rassan da za a bari, domin ya fi ni ido.